Daga Ina Ake Kallon Shamuwa? Sharhi a kan Hotunan Tsuntsayen Daji

Duk wanda ya taɓa shiga shagon mai hoto a Maraɗi domin hoton katin shaidar ɗan ƙasa ya san ƙa'idar abin: a zauna a miƙe, a dubi gaba, a tabbata kunnuwa biyu sun fito, bayan mutum kuma farin ƙyalle. Irin wannan hoto ba shi da wani buri illa jami'i ya iya bambanta mai katin da wani. To, su ma tsuntsayen daji an daɗe da yi musu nasu hoton kati. Malamin da ya taɓa buɗe littafin Serle da Morel, Les oiseaux de l'Ouest africain, na 1979, ko kuwa na Borrow da Demey, Guide des oiseaux de l'Afrique de l'Ouest, na 2008, ya ga yadda ake jera su: kowane tsuntsu a tsaye, ya ba da gefe, baki na fuskantar hagu ko dama, babu komai a bayansa sai farar takarda. Zanen hannu ne a cikin waɗannan littattafai, amma masu ɗaukar hoto sun gaji wannan tsayuwa, har ta zama ita ce ma'aunin hoto mai kyau a wurinsu. Ba a raina wannan aiki ba, domin da shi ne ake rarrabe kurciyoyi iri-iri waɗanda idon mai wucewa ke yi wa kuɗin goro.

Sai dai ido yana gajiya da abin da ya saba gani. Shi ya sa masu hoton tsuntsaye suka shiga neman sabuwar mahanga. Wannan ya kwanta rub da ciki a cikin laka, wancan ya ajiye kyamara a ƙasa yana danna ta daga nesa, wani ya aika da ƙaramin jirgi maras matuƙi ya leƙo tsuntsu ta bisa, wani kuma ya tunkare shi gaba da gaba har ya fito kamar ƙwallo mai idanu. Hotunan sun cika intanet, kuma ta hanyar wayar salula sun iso hannun ɗaliban Maraɗi da Tsibiri, waɗanda ba sa rasa sha'awar kwaikwayo. Tun da abin ya iso gida, ya kamata a ɗora shi a kan sikeli. Idan mai hoto ya sauya wurin tsayuwarsa, me aka ƙaru da shi game da tsuntsun, kuma me aka yanke aka zubar?

Tun farkonta, sana'ar nan ƴar gidan maharba ce. A shekarar 1882 wani masani Bafaranshe, Étienne-Jules Marey, ya ƙera na'ura mai siffar bindiga sak, da gindi da baki da kunama, wadda ke ɗaukar hoto 12 a daƙiƙa guda, domin ya gane yadda fiffike ke dukan iska. Ana ba da labarin cewa mutanen gefen birnin Napoli, inda yake gwajinsa, sun ɗauke shi taɓaɓɓe, saboda kullum yana auna tsuntsu amma ba a taɓa jin ƙara ba, ba a kuma taɓa ganin abin da ya kayar ba. A Ingila kuwa, wajen 1900, wasu ƴan uwa biyu, Richard da Cherry Kearton, suka sa aka ɗinka musu fatar sa a kan katako, mutum ya shiga ciki da kyamararsa ya jira tsuntsaye su saki jiki. An ce wata rana zafi ya sumar da Richard a ciki, san ya kife, ɗan uwansa ya tarar da ƙafafu shida suna kallon sama.

Bahaushe ba zai yi mamakin wannan dabara ba, domin maharbinsa ya riga su. Yakan sassaƙa itace mai siffar wuya da kan burtu, ya lulluɓe shi da fata, ya ɗaura a goshi, ya yafa baƙin zane, sa'an nan ya duƙa yana tafiya yana gyaɗa kai kamar tsuntsun yana kiwo, har ya iso inda kibiyarsa za ta kai. Abin lura shi ne, kafin maharbi ya iya wannan sanɗa sai ya shekara yana kallon burtu, ya san takunsa, ya san lokacin da yake tsayawa ya ɗaga kai. Wato duƙawar tasa ilimi ne ya haife ta. Wannan shi ne ma'aunin da ya dace a auna kowace sabuwar mahanga da shi, kuma da yawa daga cikin hotunan da ake yayi ba za su tsallake shi ba, domin abin da suke nunawa kawai shi ne mai hoton yana da kayan aiki masu tsada kuma ba ya ƙyamar laka.

A ɗauki kwanciya a ƙasa, wadda ita ce ta fi yawa. Mai hoto yana amfani da dogon gilashi mai jawo nesa kusa, na milimita 500 ko 600, ya sauke shi daidai idon tsuntsu. Da ya yi haka, abin da ke bayan tsuntsun ya yi nisa ƙwarai, gilashin kuma ba ya iya kama kusa da nesa a lokaci guda, sai bayan ya narke ya koma launi zalla, kore ko ruwan ƙasa. Hoton yana da daɗin kallo, babu musu, kuma yana sa mai kallo ya ji kamar shi da tsuntsun tsara ne. Amma a duba da kyau, farin ƙyallen shagon mai hoto ne ya dawo, an dai rina shi. Kirinjijiyar da aka ɗauka ta wannan hanya a tabkin Madarunfa, wanda aka sa cikin jerin dausayoyin yarjejeniyar Ramsar a 2019, ba ta da bambanci da wadda aka ɗauka a Senegal ko a gidan ajiyar dabbobi na wani birnin Turai. An share masuncin da ke cikin jirginsa, an share garken da ya sauko shan ruwa da matan da ke wanki, alhali a tsakiyarsu tsuntsuwar ke kwana tana tashi. Shi masuncin ma, da yake zaune dab da fuskar ruwa tun yana yaro, wannan mahanga da ake cin lambar yabo da ita ita ce kallonsa na kullum.

Akwai inda sauka ƙasa ke biyan kuɗin wahalarsa. Balbela misali ce. Daga gefe, farar tsuntsuwa ce mai dogon wuya, ido ɗaya, shi ke nan. Amma idan aka same ta daga ƙasa, ta ƙarƙashin haɓa, sai a ga idanunta biyu duka sun leƙo ta gefen baki suna kallon ƙasa tare. Haka zalɓe ma yake. Halittar idon nasu ke nan: suna iya ganin abin da ke ƙarƙashin bakinsu da ido biyu ba tare da sun sunkuyar da kai ba, shi ya sa balbela ke tafiya a gindin ƙafar saniya kai a miƙe, amma farar da kofato ya tayar ba ta tsere mata. Hoton yana ba yara dariya, domin tsuntsuwar takan fito kamar tsohuwa mai harara, amma bayan dariyar an koyi abin da hoton gefe ba zai taɓa koyarwa ba. Idan kuma aka bar ƙafafun saniyar a cikin hoton, a fadamun Jiratawa ko a bakin Gulbin Maraɗi, to an faɗi labarin gaba ɗaya.

Babu aikin da ya kai neman sabuwar mahanga matuƙa kamar fim ɗin Le Peuple migrateur, wanda Jacques Perrin ya shirya tare da Jacques Cluzaud da Michel Debats, ya fito a ƙarshen 2001. A cikinsa kyamara tana tashi kafaɗa da kafaɗa da tsuntsaye, kusa har ana jin numfashinsu, ana ganin naman ƙirji yana aiki. Wanda ya kalle shi ba zai sake cewa tashi hutu ne ba. Zai gane cewa ƙaurar tsuntsu wahala ce irin ta mai noma da hauya tun safe har azahar. Wannan riba ce ta gaske, kuma don ita kaɗai fim ɗin ya cancanci a nuna wa ɗalibai. Amma yana da kyau malami ya san yadda aka samu wannan kusanci. Da yawa daga cikin tsuntsayen a hannun ma'aikatan fim aka ƙyanƙyashe su, suka buɗe ido da mutum, suka saba da ƙarar inji tun suna cikin ƙwai, saboda haka suke bin ƙaramin jirgin kamar yadda ƴan tsaki ke bin kaza. Sa'an nan aka riƙa ɗaukar su ana kai su wuraren da ake son ɗauka. Ƴan wasa ne, ko da yake ba su sani ba. Masu fim ɗin ba su ɓoye wannan ba. Abin da ya fi damun mai nazari shi ne matsayin mutum a cikinsa. In ban da wani yaro da ya kuɓutar da dinya daga raga, da wata tsohuwa mai ba gauraki abinci, mutum idan ya bayyana galibi maharbi ne ko mai hayaƙin masana'anta. Tsuntsu yana can sama cikin tsarki, ɗan Adam yana nan ƙasa yana ɓarna. Wataƙila haka abin yake a ƙasashen da aka raba daji da gari da waya. A ƙasar Gobir da Katsina ba haka zaman yake ba, kuma shamuwa ce shaida.

Shamuwa takan iso garuruwan kwarin Maraɗi wajen watan Afrilu ko Mayu, gab da faɗuwar damina, ta yi sheƙa a tsakiyar mutane: kan gawo, kan kuka, kan tsamiyar ƙofar gida, wani lokaci har kan jinka. Manomi yana ganinta ya san lokacin gyaran gona da fito da iri ya yi. Ba a jifanta, ba a taɓa ƙwanta, yaron da ya gwada kuwa zai ji a jikinsa kafin magariba. Ita kuma tana biyan kuɗin haya da cin fara da tsutsa a gonaki. Littattafan Turai suna kiranta da sunan Abdim, wani gwamnan Turkawa da ya yi mulki a Dongola ta ƙasar Sudan, wanda wani masani Bajamushe ya laƙaba mata a 1823. Mutumin Tsibiri bai san da wannan gwamna ba, ita ma shamuwar haka. Inda take zuwa bayan kaka kuwa, wasu masu bincike ƴan ƙasar Danmak sun ɗaura wa kaɗan daga cikin shamuwoyin Nijar ƴan na'urori masu magana da tauraron ɗan Adam, sakamakon da suka buga a 2006 ya nuna tafiyar ta kai har Tanzaniya da Zimbabuwe.

To, daga ina mutumin gari yake kallon shamuwa? Daga ƙasa, yana zaune a kan tabarma, ya ɗaga kai. Littafi yana nuna ta daga gefe: baƙar tsuntsuwa mai shuɗin kumatu da ɗan ja a gaban ido, da jan gwiwa. Amma abin da matar da ke daka a tsakar gida ta sani shi ne farin ciki tsakanin baƙaƙen fukafukai biyu, da dogayen ƙafafu da ke saukowa kafin ta dira, da tarin ƙirare a cikin rassa, da farin kashin da ya sa aka janye turmi daga gindin itacen. A nan gawo yana yi wa mai hoto wata alfarma da ba a cika lura da ita ba. Shi itace ne mai saɓa wa ƴan uwansa, yana zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani. Saboda haka daidai lokacin da shamuwa ke kan ƙwai da renon ƴaƴa, gawo tsirara yake, wanda ya kwanta rigingine a gindinsa zai ga sheƙuna a fili, baƙaƙe a kan hadarin gabas, babu ganyen da ya tare. Wannan hoto ne da dogon gilashi ba ya iya ɗauka, domin shi abu ɗaya yake tsinkowa. Gilashin wayar salula mai faɗin gani, wanda masu sana'a ke rainawa saboda tsuntsu yakan fito ƙarami a cikinsa, shi ne ke iya haɗa reshe da sheƙa da kan rumbu da hayaƙin madafa a wuri guda. Matsalarsa ɗaya ce, kuma tana da magani. Kyamara idan ta ga farin sama sai ta rage hasken da take sha, tsuntsu ya fito baƙi ƙirin kamar an yanke shi da almakashi, farin cikin ya ɓace. Sai a ƙara mata haske da hannu, ko kuma a jira sanyin safiya ko la'asar sakaliya, lokacin da rana ta karkata haskenta yana shiga ƙarƙashin fiffike.

Kallo daga bisa kuwa wani zance ne. Shi ne ya fi ruɗin matasa yanzu, tun da ƙananan jirage marasa matuƙi suka shigo hannun masu ɗaukar biki. Hoton sheƙa daga sama, da ƙwai a kwance a ciki, abu ne da ido bai saba gani ba, kuma dalilin rashin sabon shi ne wannan mahangar ta shirwa ce. Kowace kaza a Tsibiri ta san abin da inuwa daga sama take nufi. A 2015 wasu masu bincike a Faransa suka gwada tunkarar tsuntsayen ruwa da irin wannan jirgi sau fiye da 200. Suka tarar a mafi yawan lokuta ana iya matsowa har mita 4 tsuntsu bai nuna damuwa ba, amma idan jirgin ya sauko musu a tsaye daga bisa, nan ne suka fi firgita. Wato kusurwar da ta fi ba da hoton ban mamaki ita ce ta fi tsorata mai hoton. Uwar da ta tashi daga sheƙa a zafin watan Mayu ta bar ƙwai ga rana da hankaka, kuma minti kaɗan sun isa. Hawa itace da waya a aljihu ma duk ɗaya ne, har da ƙarin haɗari ga mai hawan. Eric Hosking, wanda ya yi suna a hoton tsuntsaye a Ingila, mujiya ce ta cire masa ido a 1937 a kusa da sheƙarta. Garin da ya hana yaro jifan shamuwa tun kaka da kakanni bai kamata ya ƙyale shi ya kore ta da kyamara ba, don kawai kyamara baƙuwa ce kuma dattawa ba su riga sun yi mata hukunci ba.

Wanda yake ganin duk wannan gardama ce ta masu abin hannu a kan ado, sai ya tuna da ungulu. Dattawan Maraɗi suna tuna lokacin da take cika kwata da bayan kasuwa, tana tafiya a tsakanin mahauta kamar ita ma da rumfarta, ba mai ɗaga kai ya dube ta. Yau sai an yi dace. Wani masanin tsuntsaye Bafaranshe, Jean-Marc Thiollay, ya bi hanyoyin Burkina Faso da Mali da Nijar yana ƙirga tsuntsaye masu cin nama tsakanin 1969 da 1973, sa'an nan ya sake bin hanyoyin nan a 2003 da 2004. Ya tarar manyan ungulayen daji, a wajen gandun da ake tsaro, sun ragu da fiye da kashi 90 cikin 100. Ita ma ungulun gari, wadda a lokacin ta fi sauran dama, a 2015 ƙungiyar duniya mai kula da kare halittu ta sa ta a sahun waɗanda ke bakin ƙarewa. Guba da ake zuba wa mushe, da cinikin kanta da sassan jikinta domin magani da tsafi, da raguwar abin da ake zubarwa a kwata, duk sun taru a kanta. Malamin Hausa yana nan yana koyar da cewa ungulu ba ta jewar banza, yana fassara ungulu da kan zabo, a gaban aji wanda wataƙila rabinsa bai taɓa ganin jewar ba. Karin magana ya fi tsuntsuwar tsawon rai.

A irin wannan hali, wane hoton ungulu ne ya fi daraja? Hoton fuskarta daga kusa, da jan wuya da bayan da ya narke, akwai shi dubbai, kuma ba ya faɗin komai game da Maraɗi. Wanda ake nema shi ne hoton da ba don ita aka ɗauka ba: hoton wani mahauci da yaransa a 1975, ko na ɗaurin aure, ko na hawan salla a ƙofar fadar Sarkin Gobir, inda can a baya, a kan katanga ko kan kwano, za a iya sa yatsa a ƙirga ungulu bakwai ko goma. Wannan bayan hoto, wanda sabon yayi ke ƙoƙarin narkarwa, shi ne ya koma shaida. Rumbun bayanan tsuntsayen Nijar da Joost Brouwer da Ulf Liedén suka kafa a intanet a kan abu uku ya ginu, wato wane tsuntsu, a ina, yaushe. Kuma hoton da ke ɗauke da wurinsa a jikinsa ya riga ya amsa biyu daga ciki. Ƙungiyoyin al'adu da ke tattara tatsuniyoyi da waƙoƙin daka suna iya ƙara wannan a aikinsu, su roƙi tsofaffin masu shagon hoto da iyalai su buɗe akwatunansu, a duba kusurwoyin hotuna maimakon fuskokin da ke tsakiya, a rubuta shekara da unguwa a bayan kowanne tun masu iya tunawa suna raye.

Shamuwa dai har yanzu tana zuwa. Ajin da ya zaɓi gawo ɗaya a Tsibiri ko Jiratawa, ya tsaya a wuri ɗaya a gindinsa kowace shekara a makon farko na watan Yuni, ya ɗaga waya sama ya ɗauka tare da katangar gidan da ke kusa, bayan shekara 10 zai iya faɗin ko sheƙunan sun ƙaru ko sun ragu, kuma ko itacen ma yana nan.